SILIMAR ƘASAR NEPAL: ABIN DA YARO YA GANI A "BAƘAR KAZA"

Babu wani babban gari a ƙasar Hausa da ba a san finafinan Indiya a cikinsa ba. Tun zamanin da a ke cika gidajen silima na Kano da Kaduna da Jos bayan sallar lisha, har ya zuwa yau da kowa ke yawo da silimarsa cikin aljihu, mutanenmu sun san sunayen 'yan wasan Bombai kamar yadda suka san na 'yan unguwarsu. Amma da za a tsai da mutum goma a bakin kasuwa a tambaye su ko sun taɓa ganin fim ɗin ƙasar Nepal, da wuya a sami wanda zai ce i. Abin mamaki kuwa shi ne, da yawa daga cikinsu sun san Manisha Koirala, wadda ta fito a finafinan Indiya irin su Bombay na 1995 da Dil Se na 1998, ba su kuwa san 'yar Nepal ce ba, jikar B. P. Koirala, Firayim Ministan farko da jama'ar ƙasar suka zaɓa a 1959.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna halin da silimar Nepal ta ke ciki. Ƙaramin icce ne da ya tsiro a gindin kuka, ganyensa ba ya samun rana sai abin da ya tsiyayo ta tsakanin rassan babba. To, yau muna so mu ba masu karatu labarin yadda wannan icce ya rayu, da abin da muka lura da shi sa'ad da muka kalli ɗaya daga cikin finafinansu tare da wani yaro, da kuma irin fatan da mu ke yi musu nan gaba.

ƘASAR DA MUTANENTA

Nepal ƙasa ce ta tsaunuka, a maƙale tsakanin Indiya da ƙasar Sin, ba ta da bakin teku ko kaɗan. Babban birninta shi ne Katmandu. Daga cikin tsaunuka 14 na duniya waɗanda tsawonsu ya wuce mita 8,000, guda 8 suna cikinta ko a kan iyakarta, har da wanda ya fi su duka, watau Everest, wanda su mutanen ƙasar ke kira Sagarmatha. Ƙidayar da aka yi a 2021 ta nuna jama'arta sun haura miliyan 29, suna magana da harsuna fiye da 120. Mafi yawansu mabiya addinin Hindu ne, sa'an nan mabiya Buda, sa'an nan Musulmi da sauransu. Harshen Nepali shi ne na hukuma, ko da ya ke waɗanda suka tashi da shi a bakin uwa ba su kai rabin jama'a ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, harshen Nepali da na Hindi 'yan gida ɗaya ne, da baƙaƙe iri ɗaya a ke rubuta su, kuma tun yarjejeniyar 1950 iyakar ƙasashen biyu a buɗe ta ke, mutane suna shiga suna fita ba da takardar izini ba. Saboda haka fim ɗin Bombai ba ya bukatar tafinta in ya iso Katmandu. Ya zo da manyan 'yan wasa, da waƙoƙin da aka riga aka haddace daga rediyo, da kuɗin da mai shirya fim na Nepal bai taɓa mafarkin gani ba. Mai gidan silima kuwa ɗan kasuwa ne, abin da zai cika masa kujeru shi zai sa. Da wannan ƙaton maƙwabci ne masu fim na Nepal suka yi ta kokawa tun ranar da suka fara.

YADDA AKA FARA

Daga 1846 zuwa 1951 zuriyar Rana ce ke riƙe da mulki, ta kulle ƙasar ba shiga ba fita sai da yardarta, talaka kuwa ba shi da rabo a irin waɗannan abubuwa na zamani. Fim na farko da aka yi da harshen Nepali, Satya Harishchandra, ba a cikin ƙasar aka yi shi ba, a Kalkata ta Indiya aka shirya shi, ya fito a 1951. Sai a 1964 aka sami wanda aka ɗauka a cikin Nepal kanta, sunansa Aama, watau "Uwa". Ma'aikatar watsa labarai ta Gwamnatin Sarki Mahendra ce ta ɗauki nauyinsa, aka ɗauko Hira Singh Khatri daga Bombai ya shirya shi, Shiva Shankar da Bhuwan Chand suka zama manyan 'yan wasansa. Manufarsa a fili ta ke: a cusa wa jama'a kishin ƙasa, a kuma sa su yarda da tsarin mulkin da Sarkin ya kafa bayan ya rushe majalisa a 1960 ya kuma hana jam'iyyu. Dattawanmu da suka ga zamanin motar majigi, lokacin da a ke kafa farin ƙyalle a ƙofar fada a nuna Baban Larai don a koya wa manoma noman auduga, za su gane irin wannan fim nan da nan. A can ma hukuma ce ta haifi silima, ta kuma sa ta aiki tun tana jaririya.

A 1966 'yan kasuwa suka shigo da Maitighar, ma'anarsa gidan iyayen matar aure. B. S. Thapa ne ya shirya shi, aka gayyato Mala Sinha, shahararriyar 'yar wasan Bombai mai asalin Nepal, aka kuma sa manyan mawaƙan Indiya irin su Lata Mangeshkar suka rera waƙoƙinsa. Fim ɗin ya yi suna ƙwarai, har unguwar da ofishinsu ya ke a Katmandu ta ɗauki sunan, ana kiranta Maitighar. A 1971 Gwamnati ta kafa kamfaninta na shirya finafinai, wanda ya fitar da Kumari a 1977, fim na farko mai launi. Daga baya Tulsi Ghimire, wanda ya koyi sana'ar a Bombai, ya fito da Kusume Rumal a 1985 da Darpan Chhaya a 2001, su biyun kuwa sun cika gidajen silima maƙil. A shekarun 1990 Rajesh Hamal ya zama gwarzon da babu gidan da ba a san sunansa ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, yawancin finafinan wannan zamani sawun Bombai suka bi sau da ƙafa: saurayi talaka, budurwa 'yar mai kuɗi, mugun uba, waƙa a gefen tsauni, dambe a ƙarshe. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ya ke da kuɗin shiga silima sau ɗaya a mako, in an ba shi zaɓi tsakanin na ainihi da na kwaikwayo, ai na ainihi zai nufa. Daɗin daɗawa, a 1996 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Gwamnati da 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao, aka shekara goma ana gwabzawa, mutane fiye da 13,000 suka halaka. Da dokar hana fitar dare da tsoron hanya, sai gidajen silima da yawa suka rufe, masu sana'ar suka watse. An sa hannu a takardar sulhu a watan Nuwamba na 2006, a 2008 kuma aka kawar da sarauta, ƙasar ta zama jamhuriya.

BAƘAR KAZA

Daga cikin tokar wannan yaƙi ne fim ɗin da mu ke son yin magana a kansa ya fito. Sunansa Kalo Pothi, watau "Baƙar Kaza", Min Bahadur Bham ne ya shirya shi, aka fara nuna shi a bikin finafinai na birnin Benis ta ƙasar Italiya a 2015, inda ya sami lambar yabo ta masu sharhin finafinai. Shi Bham ɗan gundumar Mugu ne, can arewa maso yammacin ƙasar, yankin da ke cikin mafi talauci a Nepal, inda a lokacin da labarin ya faru babu hanyar mota, sai ƙafa da doki da alfadari. Can ya koma ya ɗauki fim ɗinsa, da karin harshen mutanen wurin, yaran da suka ɗauki nauyin wasan kuwa ba 'yan wasa ba ne da ma.

Labarin a 2001 ya faru, cikin 'yan watannin da aka tsagaita wuta. Yara biyu ne abokai, Prakash da Kiran. Kiran jikan mai gari ne, Prakash kuwa ɗan bara ne, daga cikin waɗanda a ke kira Dalit, watau mutanen da al'adar gargajiya ta ajiye a ƙasan kowa. Yayar Prakash ta ba shi kaza, da nufin ya riƙa sayar da ƙwanta yana tara abin da zai taimake shi karatu, ita kuwa ta bi 'yan tawaye ta shiga daji. Ana nan sai uban ya sayar da kazar, aka tafi da ita wani gari mai nisa. Yaran nan biyu suka ɗaura ɗamarar nemo ta, ba su san wutar da aka ce an tsagaita tana shirin sake tashi ba. Iyakar labarin ke nan. Babu attajiri, babu rawa a gefen tsauni, babu gwarzon da zai doke mutum ashirin shi kaɗai.

Mun kalli wannan fim a gida tare da wani yaro ɗan shekara goma, ɗan aji biyar na firamare, wanda ya saba da finafinan Indiya da na zane-zane kamar sauran tsaransa. An rubuta fassarar maganganun da Turanci a ƙasan hoton, muka shiga karanta masa muna juyawa da Hausa. Ba a yi nisa ba ya daina jiran fassara, domin abin da ke faruwa a gabansa bai bukaci tafinta ba. Shi ma kakarsa ta taɓa ba shi kaza ya yi kiwo, kamar yadda a ke yi wa yara a gidajenmu, ana ce musu kaza za ta zama akuya, akuya ta zama saniya. Saboda haka ya san darajar ƙwai ɗaya, ya san yadda a ke leƙa akurki da sassafe. Sa'ad da aka sayar da kazar Prakash, sai muka ga ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya nemi sanin ko uba yana da ikon sayar da abin da aka ba ɗansa kyauta. Muka ce masa sabo da kaza ba ya hana a yanka ta, balle a gidan da babu abin sa wa a tukunya. Bai gamsu ba, mu ma kuwa ba mu matsa masa ya gamsu ba.

Tambayarsa ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ya lura manya ba sa son abotar yaran nan, ana wulakanta Prakash ba tare da ya yi kome ba, sai ya tambaya wane laifi ya yi. Muka bayyana masa cewa a can an daɗe ana raba mutane aji-aji bisa ga gidan da aka haife su, har an rubuta wannan rabo cikin dokar ƙasa ta 1854. An soke shi a dokar 1963, a 2011 kuma aka yi wata doka mai hukunta duk wanda ya ƙyamaci wani saboda asalinsa, amma abin da ya shekara ɗaruruwa cikin zukata ba ya fita rana ɗaya. Yaron ya yi shiru, can sai ya ambaci wani abokinsa da a ke yi wa gori a makaranta saboda sana'ar ubansa, ya ce ko shi ma irin wannan ne. Ga shi fim daga ƙasar da bai taɓa jin sunanta ba ya sa ya waiwayi abin da ke gefensa a aji. Mun daɗe muna yi wa yara wa'azi a kan kada su raina kowa, amma gani ya kori ji.

Wajen ƙarshe akwai wuraren da yaƙi ya nuna fuskarsa, yaran suka yi kiciɓis da abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. A nan ya matso kusa da mu, muka dakatar da fim ɗin na ɗan lokaci, muka yi magana a kan abin da ke sa 'yan ƙasa ɗaya su ɗauki makami a kan juna, da yadda a irin wannan rikici yara da malaman makaranta da talakawan ƙauye ne ke fara shan wuya. Saboda haka muna jawo hankalin iyaye, wannan ba fim ne da za a kunna wa yaro a fita a bar shi ba. Babba ya fara gani shi kaɗai, ya auna ko ɗansa ya isa, in ya isa kuwa ya zauna tare da shi. Amfanin fim ɗin rabi a kan allo ya ke, rabi kuwa a cikin hirar da za ta biyo baya.

Da aka gama, sai ya yi tambayoyi biyu waɗanda su ne asalin wannan rubutu. Ya ce shin yaran garin da aka ɗauki fim ɗin suna da wurin da za su je su gan shi? Sa'an nan ya ce me ya sa bai taɓa ganin fim a kan yaro irinsa da kazarsa ba? An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Haka ne, amma akwai abin da ke ƙasa kusa da ƙafa, wanda yaro ya fi babba saurin gani.

ALAMUN ASUBA

Kalo Pothi bai fito shi kaɗai ba. Tun a 1999 wani Bafaranshe, Eric Valli, ya fito da Himalaya, wanda ya ɗauka a yankin Dolpo, labarin ayarin fatake masu ɗora gishiri a kan shanun dutse da a ke kira yak, suna ƙetare tsaunuka su musanya shi da hatsi, ana jayayya tsakanin tsohon madugu da saurayi a kan wanda zai ja ayari. Duk wanda ya san labarin ayarin gishirin Bilma zai ji kamar a gida ya ke. Nepal ce ta gabatar da fim ɗin a gasar Oscar ta Amurka, ya kuwa shiga cikin biyar na ƙarshe a rukunin finafinan harsunan waje a shekarar 2000. Wannan ya nuna wa 'yan ƙasa cewa abin da su ke rainawa a ƙofar gidansu, shi duniya ke marmarin gani.

Bayan yaƙi, sababbin na'urorin ɗaukar hoto masu araha suka buɗe wa samari ƙofa. Bhusan Dahal ya fito da Kagbeni a 2008. A 2012 Nischal Basnet ya yi Loot, labarin wasu samarin Katmandu da suka shirya fashin banki, da irin maganar da a ke yi a kan titi, ya jawo 'yan birni waɗanda da su ke jin kunyar a gan su a layin fim ɗin gida. Ram Babu Gurung ya yi Kabaddi a 2014 cikin ƙauyukan Mustang, Deepa Shree Niraula kuma ta yi Chhakka Panja na ban dariya a 2016, jama'a suka yi ta tururuwa. A wannan shekara Deepak Rauniyar ya kai Seto Surya, watau "Farar Rana", birnin Benis, labarin tsohon ɗan tawaye da ya komo ƙauye jana'izar ubansa. A 2023 Nabin Subba ya nuna Gaun Aayeko Bato a Toronto ta Kanada, labarin wani masaƙin kwanduna da ɗansa, da abin da sabuwar hanyar mota ta kawo wa ƙauyensu na alheri da na sharri. A 2024 shi dai Min Bahadur Bham ya kai Shambhala babbar gasar bikin Balin ta Jamus, karo na farko ke nan da fim ɗin Nepal ya shiga wannan sahu.

Amma a wurinmu abin da ya fi duk waɗannan lambobi daɗin ji shi ne abin da ya faru a cikin gida a ƙarshen 2024. Saroj Poudel ya fito da Purna Bahadur Ko Sarangi, labarin wani talaka daga zuriyar makaɗan gado da a ke kira Gandharva, mai yawo gari gari da sarangi, wani abin kiɗa mai kama da gogenmu, yana tara abin da zai sa ɗansa a makaranta don kada ya gaji wulakancin da shi ya sha. Mutane suka yi ta zuwa gida gida, da tsofaffi da yara, har ya zarce duk finafinan Nepal da suka gabace shi wajen samun kuɗi. Ashe jama'a ba ƙin nasu su ke yi ba, jira su ke a ba su wanda za su ga kansu a ciki.

FATANMU

Na farko, muna fata a riƙa tunawa da yara. Finafinan da muka ambata da yawa akwai yara a cikinsu, amma don manya aka yi su. Waɗanda aka shirya musamman don yaro ya kalla ya ji daɗi ya kuma ƙaru ba su da yawa, shi ya sa yaron Katmandu ke tashi da zane-zanen Indiya da na Japan da na Amurka. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda bai saba jin harshensa a kan allo yana ƙarami ba, da wuya ya biya kuɗi ya je jinsa in ya girma.

Na biyu, a kai silima inda mutane su ke. Yawancin gidajen silima suna Katmandu da sauran manyan garuruwa, sababbin kuwa a cikin manyan kantuna su ke, kuɗin shigarsu ya fi ƙarfin mai ƙaramin hali. Abin kunya ne fim ya je Benis da Balin, amma mutanen da aka ɗauki labarinsu su rasa inda za su gan shi. Farin ƙyalle da na'ura guda da batir mai aiki da hasken rana sun isa su mai da farfajiyar makaranta gidan silima. Abin da hukuma ta iya yi jiya don yaɗa manufarta, ba za ta kasa yinsa yau don jama'a su ga labarinsu ba.

Na uku, a ba sauran harsuna rabonsu. Tun a 1987 aka yi Silu da harshen mutanen Newar, ana kuma yin finafinai da Maithili da Gurung da Tamang da Limbu, sai dai ba sa samun wuri a manyan gidajen silima. Ƙasar da ke kukan maƙwabci ya danne harshenta, bai kamata ta danne na ƙannenta a cikin gida ba.

Na huɗu, hukuma ta san inda aikinta ya tsaya. An kafa hukumar raya finafinai tun a shekarar 2000, aikin da ya dace da ita kuwa shi ne horar da matasa, da rangwamen haraji, da tsare haƙƙin masu fim daga ɓarayin zaune, da adana tsofaffin finafinai kada su ruɓe. A watan Yuni na 2023 magajin garin Katmandu na lokacin, Balendra Shah, ya hana nuna finafinan Indiya a birnin saboda wata magana da ke cikin Adipurush a kan asalin Sita, kafin kotu ta sa baki a ci gaba da nunawa. Kowane irin dalili ne ya jawo haka, rufe ƙofa ba ya sa abincin gida ya yi daɗi. Abin da ya kori fim ɗin waje daga kujeru a 2024 fim ne mai kyau, ba doka ba.

Na biyar, masu sana'ar su yi hattara da tarko biyu. Kalo Pothi da irinsa da taimakon kuɗin Turai aka yi su, wannan kuwa ba laifi ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma in mai fim ya saba da tafin baƙi, yana iya mancewa da mutanen gida, ya riƙa nuna talauci da tsaunuka don su ne baƙo ke son gani. Ɗaya tarkon kuwa shi ne, da zarar fim ya yi kasuwa sai a yi ta haifar masa ƙanne, na biyu, na uku, na huɗu, har jama'a su ƙosa. Ga kuma miliyoyin 'yan Nepal da ke aiki a Indiya da ƙasashen Larabawa da Maleshiya da Ostareliya, waɗanda 'ya'yansu da yawa ke tashi nesa da gida. Waɗannan babbar kasuwa ce, kuma babbar amana ce, domin ga ɗan da aka haifa a baƙunta, fim na iya zama tagar da zai leƙa ya ga garin kakanninsa.

Ba mu ɗauko labarin nan daga nesa don nishaɗi kaɗai ba. Masu shirya finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, da wannan ƙaton maƙwabci ɗaya suka yi ta fama, ko da ya ke teku ya raba mu da shi, an kuma sha yi musu gorin da aka yi wa na Nepal, na aron waƙa da rawa da labari. In mutanen tsaunuka sun iya ɗaukar yara biyu da kaza guda su sa duniya ta tsaya ta saurara, to, babu wanda zai ce ba shi da labari. Labari yana bakin rijiya, yana makarantar allo, yana kan hanyar kasuwar ƙauye, sai dai a rasa mai sunkuyawa ya ɗauka.

Su mutanen Nepal tafiyarsu ta yi nisa daga Aama na 1964 zuwa yau, sauran tafiya kuwa tana da yawa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Muna yi musu fatan alheri, Allah ya zaunar da ƙasarsu lafiya, ya sa 'ya'yansu na birni da na ƙauye su tashi suna ganin kansu a kan allo, da harshensu, cikin mutunci.